Baƙon da Ba a Shaida Ba

(Laccar da aka gabatar a makon Ista ga taron masu bi masu jin Hausa a Ogui, cikin birnin Enugu)

 An ɗora mini nauyin in yi magana a kan tashin Yesu Almasihu daga matattu, da kasancewar Allah tare da bawansa a lokacin tsanani, da yadda ya kamata mai bi ya ba da shaidar abin da ya gaskata. Mas'aloli uku ke nan, waɗanda kowace ɗaya daga cikinsu ta ishi malami karatun shekara guda. Amma da yake na daɗe ina ganin asali ɗaya ne ya tara su, wato baƙunci, kuma da yake yawancinmu da ke zaune a ɗakin nan baƙi ne a wannan ƙasa, to, ta wannan ƙofa zan shiga, ina roƙon Allah ya kiyaye harshena daga ƙari da ragi.

Ya kamata mu fara da sanin inda muke zaune. Wannan birni bai kai shekarun Kano ko Katsina ba, ko kusa, domin kwal ne ya haife shi. A shekarar 1909 Turawa masu binciken ma'adinai suka gano shi a duwatsun Udi, a 1915 aka fara haƙa, a 1916 kuma layin dogo ya iso daga Fatakwal don a riƙa kwashe shi zuwa bakin teku. Sa'an nan aka ci gaba da shimfiɗa dogo ya nufi Arewa, ta Makurdi da Kafanchan har Kaduna, aka kuma buɗe gadar Binuwai a Makurdi a 1932, wato shekarar da aka fara buga cikakken Littafi Mai Tsarki da harshen Hausa. Ta wannan dogo, wanda tasharsa ke nan a kan titin Ogui har gobe, na gabanmu suka riƙa saukowa, fatake da dillalan shanu, mahauta da 'yan koli, 'yan sanda da sojoji, aka sauke su a ƙasar mutanen Ogui Nike, suka kafa zango, suka yi aure, suka haifa. Zaman ya yi daɗi har ya kai ga cewa a cikin shekarun 1950 wanda ya fara riƙe muƙamin magajin garin Enugu shi ne Malam Umaru Altine, Bafulatani mai fataucin shanu daga Sifawa ta ƙasar Sakkwato. Ina ambaton wannan ne domin matasanmu su san cewa ƙiyayya ba gadon wannan gari ba ce, kuma an taɓa ganin zamanin da mutanen Gabas suka kaɗa wa Basakkwace ƙuri'a da zuciya ɗaya.

Amma mu masu bi da muka fito daga Arewa, baƙuncinmu ninki biyu ne, kuma babu amfanin ɓoye wannan. A idon mutumin gari, duk wanda ya sa doguwar riga da hula, ya kuma buɗe baki da Hausa, jinsi ɗaya ne; ba ya rarrabe Bakatsine da Bazazzagi, balle Bura da Bajju ko Angas, balle kuma ya yi zaton akwai mai suna Audu ko Garba wanda ran Lahadi majami'a yake dosa da Littafin Waƙoƙi a hammata. A gida kuwa, waɗansunmu sun san abin da ake nufi da a kira mutum bare a cikin dangin da suka haife shi. In rigima ta tashi a can, a nan ake neman mu da ramuwa. In ta tashi a nan, da wuya a ga sunanmu a cikin lissafin kowane ɓangare. Wannan hali yana da ɗaci, ba na musu. Abin da nake so in tabbatar muku a daren nan shi ne, a cikin irin wannan hali ne daidai aka fara jin labarin tashin matattu.

Ku tuna, ya ku 'yan'uwa, cewa Yesu Almasihu mutumin Galili ne, Galili kuwa tana arewacin ƙasar, Urushalima tana kudu, da tafiyar kwanaki a tsakaninsu; kuma mutanen birni suna yi wa na Galili kallon ƙauyawa marasa zurfin ilmin Attaura, har wani ya taɓa nuna shakkar cewa alheri zai iya fitowa daga Nazarat. A daren da aka kama Ubangiji, sa'ad da Bitrus ya raɓa cikin farfajiyar gidan babban firist yana jin ɗumin wuta tare da barori, ba wani abu ne ya tona shi ba sai karin harshensa. Da suka ji yadda yake furta magana, suka ce lalle shi ma ɗaya ne daga cikin mutanen nan, shi kuwa ya musanta har sau uku, da rantsuwa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar mota ran da gari ya rikice, ya haɗiye harshensa don kada a ji Hausa a bakinsa, ya cusa hularsa a aljihu, ba ya bukatar mai tafsiri ya bayyana masa abin da ke cikin ƙirjin Bitrus a daren nan. Da aka gicciye Almasihu kuma, ba a kai shi Nazarat ba, ba a sa shi a maƙabartar danginsa ba. Yusufu mutumin Arimatiya, ɗan majalisa mai dukiya, shi ya yi ƙarfin hali ya je wurin Bilatus ya roƙi gawar, shi da Nikodimu suka yi mata sutura da gaggawa kafin Asabar ta shiga, suka sa ta a sabon kabarin da Yusufu ya haƙa wa kansa a dutse. Baƙo ne ya mutu a garin da ba nasa ba, aka sa shi a kabarin aro.

To, mene ne dalilinmu na cewa ya tashi? Malamanmu na Musulunci da ke zaune a nan sun san darajar isnadi, sun san ba a karɓar labari sai an tambayi wa ya gani, wa ya ji daga wa. Mu ma muna da namu. Manzo Bulus, a wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korintiyawa, wadda ya rubuta shekara ashirin da 'yan kai bayan gicciyewar, ya bayyana cewa abin da yake koya musu karɓarsa ya yi daga waɗanda suka riga shi, sa'an nan ya jero shaidu da sunayensu, Bitrus, da sha biyun, da jama'a fiye da ɗari biyar a lokaci guda, waɗanda ya ce yawancinsu suna raye a sa'ad da yake rubutun, da Yakubu, daga ƙarshe shi kansa, wanda a da yake farautar masu bi. Mai ƙaga labari ba ya cewa a je a tambayi rayayyu. Haka kuma Linjila huɗu ɗin nan, Matiyu da Markus da Luka da Yahaya, duk sun haɗu a kan cewa mata ne suka fara iske kabarin a buɗe, a zamanin da ba a ba shaidar mace nauyi a gaban alƙali. Da ƙirƙira aka yi, da manyan maza za a sa a sahun gaba. Amma hujjar da ta fi kama zuciyata ita ce Bitrus ɗin nan da kansa, wanda tambayar wata baiwa ta sa shi rantsuwar ƙarya, sai ga shi bayan makonni bakwai kacal, a tsakiyar birnin nan da ya ji tsoro, da karin harshen nan da ya so ya ɓoye, yana shelar tashin Almasihu a gaban dubban jama'a, daga bisani kuma ya tsaya a gaban majalisar da ta yanke wa Ubangijinsa hukunci bai ja da baya ba. Wani abu ya auku tsakanin daren farko da wannan rana, kuma shi Bitrus ya faɗi ko mene ne.

Yanzu ga abin da nake so mu daɗe a kansa. In kun karanta labaran bayyanarsa da natsuwa, za ku ga wani al'amari mai ban mamaki yana maimaituwa, wato waɗanda suka fi kowa saninsa ba su shaida shi da farko ba. Maryamu Magadaliya tana tsaye tana kuka a bakin kabari, yana tsaye kusa da ita yana yi mata magana, ta ɗauka mai aikin lambu ne, har ta roƙe shi ya nuna mata inda aka kai gawar, sai da ya kira sunanta. Almajirai biyu, ɗaya sunansa Kiliyobas, suna tafiya Imuwasu, tafiyar kamar mil bakwai daga Urushalima, ransu a ɓace, ya riske su a hanya ya jera da su, suka ɗauke shi baƙon da ya zo idi wanda bai san abin da gari ke ciki ba, suka yi ta ba shi labarin mutuwarsa shi kansa. Ba su farga ba sai da rana ta yi gora, suka matsa masa ya sauka wurinsu, ya ɗauki gurasa ya sa albarka ya gutsuttsura. A bakin tekun Galili kuma, bayan Bitrus da abokansa sun kwana suna jefa taru ba su kama ko ɗaya ba, da gari ya waye sai ga wani mutum a gaɓa yana tambayarsu ko sun samu, ba su gane shi ba sai da tarun ya cika. Da suka fito suka tarar ya riga ya hura garwashi, ga kifi a kai, ga gurasa. Mai lambu, matafiyi, mai gasa kifi a bakin ruwa: da irin waɗannan kamanni wanda ya ci nasara a kan mutuwa ya zaɓi ya zo wa mutanensa, kuma kowane karo a tsakiyar kuka ne, ko yanke ƙauna, ko wahalar da ba ta haifi kome ba.

Daga nan nake ɗauko fahimtata game da kasancewar Allah a cikin tsanani. Sau da yawa bawa ba ya shaida ta a lokacin da take tare da shi. Yana cikin addu'a yana ganin kamar sama ta rufe, alhali an riga an jera da shi a hanya. Sai bayan an wuce, wani lokaci da shekaru, ya waiwaya ya ce ashe ba ni kaɗai ba ne. Saboda haka kada wanda yake cikin ibtila'i a yau ya auna kusancin Allah da abin da zuciyarsa take ji, gama Maryamu ma ba ta ji kome ba sai baƙin ciki, alhali tsakaninta da shi bai fi taku biyu ba. Akwai kuma abu na biyu, wanda ya fi na farko nauyi. Sa'ad da ya bayyana ga almajirai a ɗakin da suka kulle saboda tsoro, abin da ya nuna musu don su sakankance shi ne hannuwansa da kuiɓinsa. Da Toma ya ƙi yarda kuma, bayan mako guda, tabon ƙusoshin nan aka gayyace shi ya taɓa. Jikin da ya tashi, wanda ƙofa a kulle ba ta tare shi, bai shafe tabonsa ba. Wanda muke bauta wa ya san duka, ya san tsiraici a gaban taro, ya san shari'ar zalunci da gudun abokai, kuma da alamun waɗannan duka ya koma wurin Uba.

Wannan ƙasa da muke zaune a kanta tana da nata tabo, kuma wajibi ne baƙo mai hankali ya san shi. A ranar 18 ga Nuwamba 1949 'yan sandan mulkin mallaka suka buɗe wa ma'aikatan kwal wuta a Iva Valley, nan bayan gari, suka kashe mutum 21 saboda sun nemi haƙƙinsu. A 1966 aka karkashe dubban mutanen Gabas a garuruwan Arewa, waɗanda suka tsira suka sauko a wannan tasha ta titin Ogui da raunuka da 'yan ƙunshin kaya. Kuma gaskiya ta tilasta mini in faɗa a gabanku cewa a cikin waɗanda suka ɗaga hannu a kansu har da masu amsa sunan Kirista, don haka kada wani a cikinmu ya wanke hannunsa ya ce laifin waɗansu ne. A 1966 ɗin kuma 'yan Arewa da ke nan suka ɗanɗana ramuwa, aka kwashe sauran a jirgin ƙasa, zangon Hausawa ya zama kango. Daga Yulin 1967 zuwa Janairun 1970 aka yi yaƙin basasa, Enugu ta faɗi a farkon Oktoban 1967, yunwa ta ci ƙananan yara ba adadi. Ko a Fabrairun 2006, bayan an ƙone majami'u an kashe masu bi a Maiduguri, sai fushi ya sauka a kan 'yan Arewa a Anacha, aka ƙone masallatai, aka kashe mutane da yawa, jama'a suka yi ta gudu ta kan gadar Kwara zuwa Asaba, waɗansu suka fake a barikin soja. Tsohuwar da take sayar muku da ayaba a kasuwar Ogbete, wataƙila ta binne ƙanenta a cikin daji tana 'yar shekara goma. In ta ɗaure muku fuska, ku tuna da wannan kafin ku yi fushi.

Mu ma ikilisiyar Hausa a cikin kaburbura aka dasa mu. Samari uku da suka zo da niyyar kai bishara ƙasar Sudan, kamar yadda ake kiran yankinmu na Arewa a lokacin, a ƙarshen 1893, wato Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, biyu sun mutu kafin shekara ta zagayo, Gowans a Girku, Kent a Bida, ba su yi wa ko mutum ɗaya baftisma ba. Daga aikin nan ne ikilisiyar ECWA ta fito. Ku tuna kuma da Isawa, mabiyan Malam Ibrahim, malamin Kano wanda karatunsa ya kai shi ga girmama Annabi Isa fiye da yadda mahukuntan zamaninsa suka yarda, aka kashe shi a kasuwa a zamanin Sarkin Kano Abdullahi, almajiransa suka watse zuwa ƙasar Ningi da waɗansu wurare. Wajen 1913 waɗansu daga zuriyarsu suka sadu da ɗan mishan Likita Miller a Zariya, suka karɓi bishara, suka taru suka kafa gari a Gimi da murna da kyakkyawan zato. Cikin 'yan shekaru ciwon barci ya shiga garin ya yi ta ɗauka, har sauran suka tashi suka bar shi. Duk wanda ya tsaya a Gimi a kwanakin nan zai ce al'amarin ya ƙare. Amma ragowar nan, da suka koma Zariya, daga baya kuma Wusasa a 1929, su ne tushen jama'ar da makarantarta ta fitar da Dokta Barau Dikko, likita na farko daga Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, wanda a zaɓen 1979 ya tsaya mataimaki ga Dokta Azikiwe, mutumin da filin wasa na titin nan yake ɗauke da sunansa.

Shi ya sa raina yake ɓaci ƙwarai in na ji irin wa'azin da ya cika lasifika da talabijin a zamanin nan, mai cewa wanda yake da bangaskiya ba ya ciwo, ba ya talauci, kuma duk wanda wahala ta daɗe a kansa, to, akwai zunubi a ɓoye ko baikonsa ne ya yi kaɗan. Wannan zalunci ne a kan masu rauni, kuma ƙarya ce a kan Allah. Me mai irin wannan wa'azi zai ce da mutanen Gimi? Me zai ce da Rabaran Lawan Andimi na Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, shugaban ƙungiyar Kiristoci ta Michika, wanda 'yan Boko Haram suka kama a farkon Janairun 2020, suka kashe shi kafin watan ya ƙare? Da yawa a cikinmu sun ga hoton bidiyon da aka ɗauke shi yana tsare, yana magana a natse, ba rawar murya, yana miƙa al'amarinsa ga Allah, yana roƙon a kula masa da iyali. An yi addu'a dominsa a majami'u da yawa, ba a kuwa sake shi ba. Ban yarda ko kaɗan cewa an yashe shi ba. Natsuwar nan da muka gani a fuskarsa ba daga jini da tsoka ta fito ba. Alkawarin da aka yi mana shi ne za a kasance tare da mu har matuƙar zamani, kuma kabari ba shi ne ƙarshen shari'ar ba.

Sai batun shaida. A nan ma ina ganin ladabin da za mu koya yana cikin tafiyar Imuwasu. Almasihu bai tare mutanen nan biyu da tsawa ba. Ya daidaita takunsa da nasu, ya tambaye su abin da ke damunsu, ya saurara har suka gama, sa'an nan ya buɗe musu Attaura da littattafan annabawa, da suka iso masauki kuma ya yi kamar zai wuce, bai shiga ba sai da aka gayyace shi. Iyayenmu da suka yi aikin Sabon Rai Don Kowa tun shekarun 1960 sun bi ƙauyuka da ganga da waƙa, Allah ya saka musu. Amma a zango irin namu, inda ɗaki ke manne da ɗaki, inda maƙwabcinka ya san abin da ka ci jiya da bashin da ake binka, mu'amalarka ce za a fara karantawa kafin a saurari bakinka. Mai awo da mudun da aka bubbuge gindinsa, ko mai gadin da ake haɗa baki da shi a yi sata, ya rufe wa bishara ƙofar da wa'azin shekara goma ba zai buɗe ba.

Ga malamai maƙwabtanmu kuwa, girmamawar da ta dace da ku ita ce in faɗi saɓaninmu a fili. Ku kun gaskata cewa Annabi Isa ɗan Maryamu ne, haifaffe ba da uba ba, ba a kashe shi ba, ba a gicciye shi ba, Allah ya ɗauke shi zuwa gare shi. Mu mun gaskata cewa an gicciye shi haƙiƙatan, ya mutu domin zunubanmu, ya tashi a rana ta uku. Wannan saɓani ne na asali, ba a shafe shi da murmushi, kuma da na ce muku duk ɗaya ne, da na ci amanarku na ci tawa. Abin da na gaskata ina fatan kowa ya same shi, kamar yadda na san ku ma kuna yi mini fatan naku. Amma mun haɗu a kan cewa akwai ranar ƙiyama da hisabi, kuma maƙwabci yana da haƙƙi. Tarihinku ya riƙe cewa sa'ad da aka tsananta wa Musulmin farko a Makka, wurin Najjashi, sarkin Habasha, Kirista, suka yi hijira, ya kuwa ƙi miƙa su ga masu nemansu. Namu tarihin kuma ya riƙe cewa a watan Yunin 2018, a ƙauyen Nghar na ƙasar Barikin Ladi, Liman Abubakar Abdullahi, tsoho mai shekara fiye da tamanin, ya ɓoye Kiristoci fiye da ɗari biyu a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a gaban masu makamai ya ƙi ba da su. Saboda haka ina yi wa matasanmu nasiha da babbar murya: in an tambaye ku dalilin begenku, ku amsa da tawali'u ba tare da jin kunya ba, amma zagin abin da wani yake girmamawa, ko a baki ko a Facebook, ko sayen tuba da kuɗi da alkawarin aiki, ko farautar yaron mutane a bayan idon iyayensa, ba aikin bishara ba ne, kuma ikilisiya ba za ta tsaya wa mai yin sa ba.

Masu masaukinmu kuwa sun riga yawancinmu shiga wannan tafarki, tun da Samuel Ajayi Crowther da J. C. Taylor suka kafa aikin mishan a Anacha a 1857. Ba sabon labari za mu kawo musu ba. Shaidarmu a gare su ita ce su gan mu, su ji ana yabon Almasihu da harshen da waɗansunsu suka saba ji da fargaba. Ku koyi gaisuwarsu, ku je jana'izarsu, ku ci abincinsu in sun ba ku.

Bari in ba ku labarin abin da ya sa na zaɓi wannan batu. Akwai wani dattijo Musulmi mai shayi a bakin titi, daga masu fitowa tun kafin kiran assalatu, teburinsa da gwangwanayen madara a jere, da burodi a cikin leda, da tukunyar ruwan zafi da ba ta sauka daga wuta. Wani saurayi daga kudancin Borno, wanda tashin hankali ya raba da ƙauyensu, yana gadin wani shago kusa da shi. Kullum in ya tashi daga gadi nan yake karyawa, in babu kuɗi a rubuta. Zazzaɓi ya kama yaron nan, kafin a farga ya cika, ba dangi, ba wanda ya san majami'ar da yake zuwa. Dattijon nan ne ya rufe teburinsa da buhu, ya bar cinikin safe, ya yi ta tambaya har ya iso ƙofarmu, riƙe da yankin kwalin sukari wanda yaron ya taɓa rubuta masa lambar wayar mahaifiyarsa a kai. Ya ce da ni, "Malam, yaron nan naku ne, na sha jin yana waƙoƙinku da dare. Ku zo ku yi masa sutura irin taku, kada a jefar da shi kamar ba ɗan kowa ba." Da muka tashi tara kuɗi, shi ya fara sa hannu a aljihu, bashin shayin kuma ya ce ya yafe duniya da lahira. Mu da muke da rajista da kwamiti ba mu san yaron ba. Mai shayi ya san shi.

Wannan ya kawo ni ga mas'alar da dattawa suka daɗe suna kewaye ta, wato inda za a binne wanda ya rasu a cikinmu. Na ga gwauruwa ta sayar da keken ɗinkinta, ta ci bashi da ruwa, don a ɗauki gawar mijinta a mota zuwa Arewa, ta dawo ba abin da za ta ciyar da marayu. Ban haramta kai mamaci gida ba, gama Yusufu ɗan Yakubu ya yi wasiyya a fitar da ƙasusuwansa daga Masar, aka kuwa cika masa. Wanda yake da hali ya yi. Amma Ibrahim, sa'ad da Saratu ta rasu a ƙasar baƙunci, bai mai da ita Haran ba, ya sayi kogon Makfela a hannun Hittiyawa da shekel 400 na azurfa ya sa ta a ciki. Ubangijinmu kuma daga kabarin aro ya tashi. Manoman ƙasar Katsina da Daura sun san shukar binne, inda ake zuba gero a busasshiyar ƙasa tun sama ba ko gajimare, a rufe, a koma gida a jira ruwa. Haka muke sa 'yan'uwanmu a ƙasa, kuma jar ƙasar Enugu ba ta fi ta Biu ko ta Zonkwa nisa daga ikon Mai tayarwa ba. Kada a ƙara matsa wa matar mamaci da cewa ta wulakanta shi in an binne shi a nan.

Abin da nake roƙon dattawa da shugabannin zumuntar mata su zauna a kansa kafin watan gobe ya ƙare shi ne, a buɗe littafi a rubuta sunan kowane ɗan Arewa mai bi da ke gadi ko dako ko tura baro a Ogui da Asata da Abakpa da Gariki, da garinsu, da wanda za a kira in wani abu ya same shi. A sa matasa biyu biyu su riƙa zagayawa wurin masu shayi da masu wankin hula suna tambaya, domin su suka fi mu sanin sabon zuwa. A kuma ware wani kaso na baikon Lahadin farko ta kowane wata a ajiye shi don jinya da sutura, a hannun mutum uku, da lissafi a bayyane. In kuma maƙwabcinmu Musulmi ne ya kwanta ba shi da kowa, a taɓa asusun nan dominsa ba tare da an tsaya muhawara ba. Shugaba, na ga lokacin da aka ba ni ya cika, kuma an ce akwai masu tambaya.